Ya Zo Neman Babban Turbo: Yadda Muka Ceto Injin Dizal na Wata A-kori-kura

Mutumin bai zo da niyyar gyara ba. Ya zo ne da hoton wani ƙaton turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, a wayarsa, yana so in gaya masa ko zai hau kan injin motarsa, da kuma kwana nawa aikin zai ci. Motar a-kori-kura ce, Toyota Hilux mai ƙofa huɗu da giyar hannu, ta yi tafiyar kilomita 240,000 da 'yan kai. Aikinta kullum jan tirela mai kaya ne, kuma hanyar da take bi tana da tudu mai tsawo.

"Malam, motar nan ta mutu a ƙafata," in ji shi. "Tudun da nake hawa da giya ta huɗu, yanzu sai na dawo ta uku, wani lokaci har ta biyu. Ga hayaki kamar ana ƙona taya. Na sa an ɗaura mata na'urar ƙara ƙarfi, ta ɗan farfaɗo, ta sake komawa gidan jiya. A sa mata babban turbo kowa ya huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka bar min ita ta kwana a nan. Ina so in ji yadda take tashi da safe, injin yana sanyi." Bai so ba, amma ya bar makulli. Kafin ya tafi na yi masa tambayoyi biyu: bayan kilomita nawa yake yin juye, wato sauya baƙin mai, kuma ko an taɓa cire nozul, masu fesa mai cikin silinda. Ya ce juye sai mota ta yi kamar kilomita 15,000, domin man da yake saya mai kyau ne. Nozul kuwa an taɓa cire su a wani gareji, an wanke, an mayar. Amsoshin nan biyu su ne suka hana ni sakin jiki da maganar turbo.

Injin da ke cikin motar shi ne 1KD-FTV, mai silinda huɗu da bawul 16, girmansa cc 2,982, wato lita uku ba kaɗan. Ya fara fitowa a 2000 cikin Land Cruiser Prado, ya shiga Hilux da aka yi ta ƙerawa daga wajen 2005, har 1GD-FTV mai lita 2.8 ya gaje shi a 2015. Daga masana'anta yana ba da ƙarfin doki tsakanin 163 da 171, gwargwadon kasuwar da aka yi motar dominta, da ƙarfin murɗawa na Nm 343. Inji mai wannan ƙarfi ba ya kasa tudun da ya saba hawa haka siddan. In ya kasa, ƙaramcin turbo ba shi ne dalili ba, tunda da wannan turbon ya yi shekaru yana hawa.

Da safe na murza makulli ina kallon fitilar baƙin mai. A lafiyayyen inji tana ɗaukewa kusan tare da tashin injin. Wannan sai da na ƙirga biyar tana ci. Injin ya yi ta ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ya fitar da farin hayaki na ɗan lokaci, sannan ya lafa. Na buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, sai warin salansa ya bugi hancina. Cikin murfin akwai wani baƙin abu mai tauri da ke farfashewa kamar gawayi in ka murza shi da yatsa. Man da ya daɗe kawai kauri yake yi ya zama laka. Wannan toyayyen mai ne, kuma mai ba ya toyuwa a saman inji sai wuta ta same shi.

Na kashe motar nan take, na hana kowa sake tayar da ita sai don gwaji.

Na'urar da aka ɗaura masa wani ɗan akwati ne da aka saƙala tsakanin kwamfutar inji da sensar da ke auna matsin mai. Don a gane abin da take yi, sai an san yadda irin wannan inji yake shan mai. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Tun injin farko mai aiki sosai da Rudolf Diesel ya gwada a Augsburg ta Jamus a 1897, dabarar ɗaya ce: a matse iska har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sannan a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Abin da ya sauya shi ne yadda ake fesawar. Kamfanin Denso ya fara sa tsarin kwaman-rel a manyan motocin Hino a 1995, Bosch kuma ya kawo shi ƙananan motoci a 1997. A wannan tsari famfo yana tara mai a bututun ƙarfe guda, wato rel, da matsin da kan wuce bar 1,500, alhali tayar mota bar biyu zuwa uku take ɗauka. Daga rel ɗin kwamfuta ke buɗe kowace nozul na ɗan taƙi, ta yi ƙaramar fesa ta share fage, sannan babbar fesa. Akwatin nan ƙarya yake yi wa kwamfuta. Yana ce mata matsin ya gaza, ita kuma sai ta sa famfo ya ƙara. Mai ya fi shiga, mota ta ɗan zabura. Amma akwatin bai san yawan iskar da ke shiga ba, bai san zafin salansa ba, bai san ko nozul tana fesa ko tana zubarwa ba. Na cire shi na ajiye a kan benci, ban jefar ba, domin na san zai yi min amfani nan gaba.

Da muka haɗa na'urar bincike, babu wata lambar matsala mai tayar da hankali, kuma wannan shi ke yaudarar mutane da yawa. Sai da muka shiga shafin da ke nuna gyaran da kwamfuta take yi wa kowace silinda. Kwamfuta tana lura da saurin karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, bayan kowace fashewa. Silindar da ta yi rauni sai ta ƙara mata mai, wadda ta yi yawa ta rage mata. Ƙa'idar da ake bi a irin wannan inji ita ce gyaran kada ya wuce kimanin 3, sama ko ƙasa. Silinda ta uku ta haura 4, sauran kuma an danne su don su yi daidai da ita. Muka ɗaura gejin matsin baƙin mai na hannu a mazaunin sensa. Da injin ya yi zafi, aka taka totur, allurar ta tashi, ta tsaya, sannan ta fara ja da baya. Famfon baƙin mai da ya gaji yakan nuna ƙarancin matsi tun daga ƙasa. Wanda matsinsa ke faɗuwa daidai lokacin da yake neman mai da yawa, an toshe masa baki ne.

Muka cire murfin bawul. Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya leƙa ya ce, "Maigida, kamar an zuba kwalta." Gindin nozul ta uku ya daskare da baƙin abu har ya binne maƙallinta, ta biyu ma ta fara. Da ƙyar muka zare su.

A nan ne zuciyar lamarin take, don haka zan tsaya a kanta. Kowace nozul tana zaune ne a kan wata 'yar washa ta jan ƙarfe, wadda faɗinta bai fi na ƙaramin zobe ba. Ita ce ƙofar da ke tsakanin wutar cikin silinda, inda matsi ke wuce bar 100 in mota tana jan kaya, da sauran sassan inji. Ana yin ta da ƙarfe mai taushi da gangan, don in an ɗaure nozul ta lotsa ta cike duk wani ɗan gurbi. Lotsawar nan sau ɗaya take yi. Jan ƙarfe in ya matsu yakan taurare, kuma washar da aka cire aka mayar ba ta ƙara kwanciya yadda ta kwanta da farko. Waɗanda muka samu duk huɗun suna da shaidar matsa biyu, sabuwa a kan tsohuwa, ta ukun kuma da wani siririn baƙin layi da ya ratsa ta daga ciki zuwa waje, hanyar da wuta ta haƙa wa kanta. Wanda ya wanke nozul ɗin a baya ya mayar da tsofaffin washa ne. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

A wasu injuna nozul tana waje, don haka in washa ta saki za ka ji tana huci, ka ga kwalta a kan inji, ka gyara tun da wuri. A wannan injin nozul tana ƙarƙashin murfin bawul, tare da kamshaf, cikin baƙin mai tsundum. Wutar da ta tsere ba ta fita waje. Tana toya man da ke kusa, ya zama gawayi, gawayin ya ɓare, mai ya kwashe shi zuwa kaskon da ke ƙarƙashin inji. A can akwai rariya a bakin bututun da famfo ke zuƙo mai. Da muka sauke kaskon na ɗaga rariyar ina kallon fitila ta cikinta, wurin da haske ke wucewa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk man da karanshaf da turbo da kamshaf da feshin da ke sanyaya ƙasan fistin suke rayuwa da shi, ta wannan 'yar kafa yake bi. Juyen da ake jinkirtawa har kilomita 15,000, a motar da ke jan kaya kullum, ya ƙara wa gawayin lokacin taruwa.

Na kira mai motar, na ɗora masa rariyar a tafin hannu, na sa washar ta uku kusa da ita. Ya daɗe yana jujjuya su.

"Yanzu wannan ɗan abin ne ya hana ta hawa tudu?"

"Shi ya fara, ranka ya daɗe, sauran suka biyo baya. Da na sa maka turbon da ka zo da hotonsa, da ba zai yi wata guda ba, kuma da injin zai buga tare da shi."

Na gaya masa gaskiya cewa ban san iyakar ɓarnar ba tukuna, kuma ba zan yi masa alƙawarin ƙarin ƙarfi ko na doki ɗaya ba sai na ga fistin da metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu, da idona. Ya amince.

Abin da na fi tsoro shi ne fistin. Nozul mai zubar da mai maimakon fesawa tana tara zafi wuri guda a kan fistin, ga akwatin nan yana ƙara mata matsi, ga man da ke sanyaya fistin daga ƙasa ya yi ƙaranci. Abubuwa ukun nan in suka haɗu, tsagewar fistin ba ta da nisa. Muka zura ƙaramar kyamara ta ramin nozul, muka duba saman kowanne, musamman bakin kwarmin da mai ke ƙonewa a ciki, inda tsaga ta saba farawa. Babu. Muka sa sababbin washa na gwaji muka auna matsin silinda ta ramin fulogin ɗumama, duka huɗun suka zo kusa da juna kuma cikin ƙa'idar littafin inji. Wannan ya raba mu da buɗe kan silinda, kuma ban buɗe ba. Ina ganin kuskure ne a farke injin da awo ya ce lafiyarsa lau don kawai an riga an shiga aiki.

Metal ɗin kwanrod kuwa, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, sun sha wuya. Na uku da na huɗu sun goge har launin ƙarƙashi ya fara bayyana, da 'yan zane-zane inda gawayi ya bi. Muka auna wuyan karanshaf da maikuromita ta fuska biyu, bai zama ƙwai ba, farce kuma ba ya maƙalewa a kansa. Muka sauya metal duka, na kwanrod da na gindi, muka tabbatar da ratar mai da zaren awo na Plastigage kafin ɗaurin ƙarshe. Sabuwar rariya, sabon bututu da robarsa. Na'urar sanyaya baƙin mai muka cire ta muka wanke daban, domin ƙananan hanyoyinta maɓoyar gawayi ce.

Turbo shi ne ya fi kowa jin yunwar mai, tunda sandarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti a kan siririn shimfiɗin mai kawai. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne a turbo irin wannan. Amma wannan sandar tana motsi gaba da baya, kuma fikafikan sun fara lasar bango. Ƙananan fuka-fukan da ke buɗewa da rufewa don sarrafa hayaƙi, waɗanda wata 'yar na'ura ta lantarki ke juyawa, sun cije da kunkunniya, ba sa kai iyakarsu. Ga rabin amsar tambayar mai motar: turbon bai yi ƙarami ba, ya daina aikinsa ne. Muka sauya cikinsa gaba ɗaya da wanda aka daidaita nauyinsa a masana'anta, girmansa daidai da na asali, muka wanke fuka-fukan har suka saki. Bututun da ke kai masa mai ban yarda a wanke ba. Gawayin da ya manne a lanƙwasarsa ba ya fita duka, kuma ɓarɓashi ɗaya ya isa ya kashe sabon turbo.

Nozul muka aika wurin masu injin gwaji. Biyu suna mayar da mai baya fiye da kima, ta ukun kuma feshinta ya karkace. Mai motar ya so a sauya masu matsalar kawai a bar sauran. Na ba shi shawarar huɗun, domin shekarunsu ɗaya, man da suka sha ɗaya, kuma ba na son sake buɗe wannan murfi bayan 'yan watanni. Ɗaura su aiki ne na haƙuri. Sai an goge mazaunin kowacce a kan silinda har ya yi sumul, don sabuwar washa a kan datti tsohuwar matsala ce. Sai sababbin robobi, sababbin bututun matsi, da ɗaurin maƙalli da sufana mai awo, ba da ƙiyasin hannu ba. Kowace nozul tana da doguwar lamba mai haɗe da haruffa a kanta, wadda ke gaya wa kwamfuta ɗan bambancinta da 'yan uwanta. Sai an shigar da lambar a silindar da ta dace, sannan a sa kwamfuta ta sake koyon ƙaramar fesar nan. Wanda ya tsallake wannan zai ji sabuwar nozul tana ƙwanƙwasa kamar tsohuwa. Duk bakin da muka buɗe a layin mai muna rufe shi nan take, domin ratar da ke cikin nozul 'yan maikuron ce, gashin kai kuwa yana kai wajen maikuron 70. Kuma ina maimaita wa duk yaron da ya zo koyo: ba a laluben yoyon rel da hannu inji yana aiki. Man da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata ya shige nama, raunin kuma na tiyata ne ko da ya yi kama da cizon sauro.

Saura hanyar iska. Da muka cire maƙogwaron da ke raba iska ga silinda, ramukan sun tsuke da wata baƙar laka mai kauri kamar yatsa. Abubuwa biyu ke haɗa ta. Bawul ɗin EGR yana dawo da wani kaso na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna, saboda a rage iskar gas mai cutar da huhu da ake kira NOx. Tururin baƙin mai kuma yana fitowa daga cikin inji ya bi ta turbo. Kunkunniya busasshiya wucewa take yi, amma in ta haɗu da tururin mai sai ta manne. A wannan motar tururin ya ninka saboda wutar da ke tserewa ta washa. Mai motar ya ji ana cewa a toshe EGR da faranti a huta. Ban yi ba. Dokokin hayaƙi na ƙasashe da yawa sun hana, hayaƙin kuma mutane ne ke shaƙarsa a bayan motar. Muka wanke komai, muka sa gwangwanin da ke tare tururin mai kafin ya isa turbo, na nuna masa yadda ake zubar da abin da ya tara, domin in ya cika ya toshe sai matsi ya taru a cikin inji ya fara tura mai ta robobi. Akwai kuma wata 'yar matata a kan siririn tiyon da ke zuwa sensar matsin iska, ita ma ta toshe. Kwamfuta ta daɗe tana lissafin mai da labarin iska na ƙarya.

Tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ana sauya shi duk kilomita 150,000 a wannan inji, mai motar kuma bai tuna ko an taɓa ba, don haka muka sauya shi da abin ɗaure shi. Muka wanke lagireto ciki da waje, muka sa sabon tamostat, muka sauya bawul ɗin da ke auna man da ke shiga famfo, muka ƙara matata mai raba ruwa da mai kafin ta asali.

Da muka gama haɗa komai na tayar da ita, fitilar baƙin mai ta ɗauke kafin in saki makulli. Gyaran silinda huɗun ya dawo kusa da sifiri. Mai motar ya yi murna, ya ce to yanzu sai maganar ƙarfi. Na ce tukuna. Ya tafi da ita yadda masana'anta ta yi ta, ya yi kilomita 1,000 ba tare da tirela ba, ya dawo. Na dage a sake sauke kaskon mai, abin da shi da yarona duka suka ga kamar ɓata lokaci ne. Muka samu ɓarɓashin gawayi ya sake rufe gefe guda na sabuwar rariyar. Sabon mai mai zafi ya kankaro abin da ya maƙale a lungunan da hannu bai kai ba. Da mun ɗora ƙarfi a ranar farko, da a kan wannan za mu ɗora. Muka wanke, muka yi juye, muka tsayar da cewa daga yau juye duk kilomita 5,000 ne muddin tana jan kaya.

Ƙarin farko da na yi wa motar ba ya ƙara ko doki ɗaya. Geji uku ne: na matsin baƙin mai, na matsin iskar turbo, da na zafin hayaƙi. Na ukun shi ne mafi muhimmanci, kuma inda aka dasa tsinkensa yana da tasiri. Na huda masa wuri kafin turbo, domin bayan turbo hayaƙi ya riga ya zubar da zafi, abin da geji zai nuna kan iya gaza gaskiya da digiri 100 ko fiye. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuma yana narkewa a wajen digiri 660, yana kuma rasa ƙarfinsa tun kafin nan. Abin da ke ceton fistin shi ne wutar tana zuwa ne tana wucewa, mai kuma yana sanyaya shi daga ƙasa. Shi ya sa masu wannan sana'a da yawa ba sa son ganin allura ta zauna sama da 700 na tsawon lokaci. Gejin ruwan lagireto ba ya gaya maka wannan. Kafin ya motsa an gama ɓarna.

Muka ɗaura tirela da kayan da ya saba ja, muka nufi tudu, shi a sitiyari ni a gefe. Motar ta hau da giya ta huɗu kamar da, allura ta tsaya wajen 650. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ƙarfinta yana nan." Muka sauko. Na ɗauko akwatin nan nasa na mayar da shi na hawa ɗaya tak. Kafin rabin tudu allura ta wuce 750 tana ci gaba, madubi kuma ya cika da baƙin hayaƙi. Na ce ya ɗaga ƙafa. Shi da kansa ya buɗe bonet ya zare akwatin.

Baƙin hayaƙi mai ne da bai sami iskar ƙonewa ba. A lissafi kilo ɗaya na man dizal yana buƙatar kimanin kilo 14.5 na iska, amma a aikace injin yana fara hayaƙi tun kafin a sauko nan, don mai da iska ba sa samun lokacin gauraya sosai. Saboda haka duk mai son ƙarin ƙarfi da iska zai fara. Turbo in ya matse iska yana zafafa ta har ta wuce digiri 100, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi. Intakular wannan mota, wato na'urar da ke sanyaya iskar nan kafin ta shiga inji, tana saman inji ne, tana shan iska ta kafar da ke kan bonet. A gudu tana aiki, amma a hawan tudu da kaya, inda gudu ya ragu zafi ya ƙaru, zafin injin da ke ƙarƙashinta yana dafa ta. Muka mayar da ita gaba da wata mafi girma, muka kula kada ta tare wa lagireto iska, muka matsa duk layin da iska muka bi shi da ruwan sabulu. Wani maƙalli ɗaya ya yi kumfa, muka gyara. Salansa muka ɗan faɗaɗa daga bayan turbo, muka bar matatar hayaƙi a wurinta. Kuloci ma muka sauya da mai ƙarfin riƙo, tunda na asali an yi shi ne daidai da Nm 343, ga shi ya riga ya tsufa.

Sai a ƙarshe aka taɓa kwamfuta, a kan injin gwajin ƙarfi da ake ɗora tayoyin mota a kan nadi, tare da mai wannan aiki da na yarda da hannunsa. Sharuɗɗan da na gindaya masa su ne kada matsin rel ya wuce iyakar masana'anta, kada a gaggauta lokacin fesa, kuma kada a cusa ƙarfi a ƙasan zagaye 1,800 a minti. Na ƙarshen nan shi ne wanda direbobi suka fi so, don shi ke sa mota ta zabura da an taɓa totur, amma a nan ne matsin cikin silinda ke kai ƙololuwa alhali turbo bai gama cika ba, fistin da kwanrod da giya su ke biya. Muka tsaya a ƙarin kusan kashi 15 cikin ɗari. Injin zai iya ba da fiye da haka, mai gwajin ma ya faɗa. Na ce fistin ɗin nan sun yi kilomita 240,000, wani ɓangare na tafiyar kuma da yunwar mai suka yi shi, ba zan nemi abin da ya wuce wannan a wurinsu ba.

Babban turbon da ya zo da hotonsa, ko a lafiyayyen inji ba shi ne abin da aikinsa ke buƙata ba. Babban turbo yana son hayaƙi mai yawa kafin ya cika, ƙarfinsa a saman zagaye yake. Mai jan tirela a tudu yana rayuwa ne tsakanin zagaye 1,800 da 2,800, kuma a nan turbon asali mai fuka-fukai masu motsi ya fi saurin amsawa.

Hawa na uku, da tirela ɗaya da kaya ɗaya, motar ta riƙe giya ta huɗu da sauran totur a ƙarƙashin ƙafa, allurar zafi ta tsaya wajen 620, madubi fes. Na nuna masa cewa in ya ga allurar tana neman 700, kada ya ƙara taka totur, ya sauko giya ɗaya. Zagaye zai tashi, iska ta ƙaru, zafin ya faɗi. In ya tsaya bayan doguwar tafiya kuma, ya bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, don man da ke cikin turbo kada ya toyu.

Ya dawo juye sau uku tun daga lokacin. Kowane zuwa, bayan mai ya gama tsiyayewa, muna zura kyamara ta ramin notin juye mu dubi rariya, mu karanta gyaran silinda huɗun mu rubuta a katin motar, mu zubar da abin da gwangwanin tururi ya tara. A zuwansa na ƙarshe rariyar tana nuna kowace kafa tata, silinda ta uku tana kan 0.4. Mun rubuta a katin cewa in ta ƙara kilomita 40,000 za a buɗe murfin bawul a auna ratar bawul, a dubi gindin nozul, kuma duk nozul ɗin da aka ɗaga, da sabuwar washa za ta koma.